Bayan sallama daga asibiti: galabaitar aiki ga masu ciwon zuciya da dawowar cutar hanji bayan tiyata

Ranar da aka sallami majinyaci daga asibiti ita ce ranar da 'yan'uwa da abokan arziki ke cika gida da barka da arziki. A lissafin likitoci kuwa, akwai cututtukan da jinyarsu ta ainihi sai a ranar take farawa. Biyu daga cikinsu ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Ɗaya ciwon zuciya ne, wanda bincike ya nuna cewa irin aikin da mutum ya koma bayan ya tashi na iya ninka haɗarin sake kwantar da shi. Ɗayar kuma cutar kumburin hanji ce da ake kira cutar Crohn, wadda ke komawa daidai wurin da likita ya yanke ya ɗinke, galibi tun kafin mai ita ya ji ko da murɗar ciki. Abin da ya haɗa su shi ne, a dukkan biyun ɓarnar na tafiya a ɓoye na tsawon watanni, kuma akwai hanyoyin da aka gwada aka tabbatar na tare ta.

Mece ce galabaitar aiki

Kalmar da Turawa ke kiran wannan hali da ita tana ɗauke da ma'anar abin da ya ci wuta har ya ƙare, kamar kyandir. Wani masanin halayyar ɗan Adam a birnin New York na Amurka, Herbert Freudenberger, shi ya shigar da ita fagen ilimi a 1974, bayan ya lura da yadda masu aikin sa-kai a wani asibitin kyauta ke fara aiki da himma, sannan cikin shekara guda su koma kamar an zare musu laka. A 1981 Christina Maslach ta Jami'ar Kalifoniya da abokiyar aikinta Susan Jackson suka fito da ma'aunin tambayoyi da har yau shi aka fi amfani da shi wajen gano ta.

A watan Mayun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace ta a bugu na 11 na kundin rarrabe cututtuka, kundin da ya fara aiki a Janairun 2022. Hukumar ba ta lissafa ta cikin cututtuka ba. Ta kira ta larurar da ke tasowa daga matsin aiki mai ɗorewa wanda aka kasa shawo kansa, ta kuma ba ta fuskoki uku: ƙarewar kuzari, nisantar aikin a zuci har mutum ya fara kallonsa da ƙyashi ko halin ko-in-kula, da raguwar ƙwazo da jin cewa ba a tsinana komai. Gajiyar da barcin dare ɗaya ko hutun ƙarshen mako ke gusarwa ba ta cikin wannan. Wadda ake nufi ita ce wadda mutum zai kwana da ita ya tashi da ita, malamin makaranta ya fara jin haushin ɗalibansa ba gaira ba dalili, ma'aikaciyar jinya ta daina ganin mutum a kan gado sai lambar gado.

Masana sun yi ƙoƙarin gano irin aikin da ke haifar da ita. A 1979 Robert Karasek ya kawo bayanin da ya yi tasiri ƙwarai: aiki mafi cutarwa shi ne wanda buƙatunsa ke da yawa, alhali mai yinsa ba shi da ta cewa kan yadda zai yi shi ko lokacin da zai yi. Daga baya Johannes Siegrist na Jamus ya ƙara da wani ɓangaren, wato rashin daidaito tsakanin wahalar da ake sha da ladan da ake samu, ko na albashi ne, ko na girmamawa, ko na tabbacin cewa gobe aikin na nan. Duk wanda ya taɓa yin wata uku yana zuwa ofis ba albashi ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

Abin da alƙaluma suka nuna game da zuciya

An daɗe ana ɗauka cewa ciwon zuciya na manyan shugabanni ne masu ɗauke da nauyin yanke hukunci. Binciken Whitehall da aka fara kan ma'aikatan gwamnatin Birtaniya a 1967 ya kifar da wannan zato, domin ya gano cewa masinjoji da sauran ƙananan ma'aikata na mutuwa da ciwon jijiyoyin zuciya fiye da sau uku idan aka kwatanta da manyan jami'ai. Zango na biyu na binciken, wanda Michael Marmot ya jagoranta daga 1985 kan ma'aikata sama da 10,000, ya nuna cewa rashin iko kan aikin da mutum ke yi na daga abubuwan da ke bayyana wannan tazara.

A ƙasar Holan kuma, Ad Appels na Jami'ar Maastricht ya lura cewa da yawa daga waɗanda suka gamu da bugun zuciya, wato toshewar jijiyar da ke shayar da tsokar zuciya jini, sun yi makonni ko watanni kafin nan suna fama da kasala marar misali, saurin fushi da karayar zuciya. Ya bi diddigin ma'aikatan birnin Rotterdam maza kusan 4,000, ya tarar cewa masu wannan hali sun fi sauran kamuwa da bugun zuciya a shekarun da suka biyo baya. Binciken INTERHEART da Salim Yusuf ya jagoranta a ƙasashe 52, wanda mujallar Lancet ta buga a 2004, ya sanya matsin rayuwa da na aiki cikin abubuwa tara da ke ɗauke da kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin bugun zuciya na farko, tare da shan taba, hawan jini, ciwon sukari, ƙiba a ciki da yawan kitse a jini.

Ya kamata a faɗi girman abin yadda yake. Da Mika Kivimäki da abokan aikinsa suka tattara bayanan ma'aikata kusan 200,000 daga ƙasashen Turai a 2012, sun samu cewa matsin aiki na ƙara haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya da kimanin kashi 23 cikin 100. Wannan ƙari ne na gaske, amma bai kai na taba sigari ba, bai ma yi kusa ba. Wanda ya rage aiki ya ci gaba da zuƙar taba ya gyara ƙaramar ɓaraka ne ya bar babba. A wani binciken da aka yi a Isra'ila a 2012 kan ma'aikata 8,838 masu lafiya, waɗanda suka fi kowa galabaita, wato kashi ɗaya cikin biyar na sama, haɗarinsu ya ɗara na sauran da kashi 79 cikin 100. A 2020 wani nazari kan Amurkawa sama da 11,000 ya danganta tsananin kasala irin wannan da ƙarin kashi 20 cikin 100 na haɗarin rikicewar bugawar zuciya, wadda ita ma kan kai ga shanyewar ɓarin jiki.

Sai batun tsawon lokacin aiki. A watan Mayun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da ƙiyasin cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a 2016, daga ciki 398,000 ta shanyewar ɓarin jiki, 347,000 ta ciwon zuciya. Idan aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40, haɗarin shanyewar jiki na ƙaruwa da kashi 35 cikin 100, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17. Awa 55 ba wani abin mamaki ba ne a kasuwanninmu da tashoshin motarmu. Ɗan kasuwar da ke buɗe shago ƙarfe takwas na safe ya rufe takwas na dare, kwana shida a mako, ya yi awa 72. A Japan lamarin ya yi ƙamarin da har suna da kalmarsu ta mutuwa saboda yawan aiki, karoshi, kuma a 2014 majalisarsu ta kafa doka ta musamman a kanta.

Yadda matsin ke ratsa jiki ba boyayye ba ne. Idan ƙwaƙwalwa ta hango barazana, takan sa jiki ya saki sinadaran adirenalin da kotisol. Zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyi su tsuke, jini ya hau, sukari ya ƙaru a jini, ƙwayoyin da ke daskarar da jini su ƙara danƙo. Wannan shiri ne na gudu ko faɗa na 'yan mintoci, jiki ya koma daidai. Idan ya zama na kullum, bangon jijiyoyi na ciki yakan lalace, kumburi marar zafi ya zauna a cikinsu, kitsen da ya taru a bangon ya fi saurin fashewa ya toshe hanya. Akwai kuma hanya ta biyu da ba ta buƙatar ilimin sinadarai kafin a gane ta: mutumin da ya galabaita ba ya samun barci, ba ya motsa jiki, yana cin abin da ya samu a tsaye, yana neman sauƙi a taba ko lemon ƙara kuzari, kuma shi ne ke mance ƙwayar hawan jininsa.

Wanda ya riga ya kamu

Ga mai ciwon zuciya, tambayar da ta fi damunsa bayan ya farfaɗo ita ce yaushe zai koma neman abinci. Amsar likitoci a yau ita ce komawa aiki abu ne mai kyau, kuma mafi yawan waɗanda bugun zuciyarsu bai zo da wata matsala ba na iya komawa cikin makonni kaɗan zuwa wata uku, gwargwadon nauyin aikin. Zaman gida ba iyaka na kawo nasa ciwon. Abin dubawa shi ne irin aikin da za a koma.

Bincike mafi bayyana a kan haka an yi shi ne a lardin Quebec na Kanada, mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga shi a 2007. An bi maza da mata 972, 'yan shekara 35 zuwa 59, waɗanda suka koma aiki bayan bugun zuciya na farko. Waɗanda suka ci gaba da zama cikin aiki mai yawan buƙata da ƙarancin iko, haɗarin sake kamuwarsu ya ninka na sauran sau biyu. Wani abin lura shi ne, bambancin bai fito ba sai bayan shekara biyu, lokacin da iyali da shugabannin wurin aiki suka riga suka manta cewa mutumin ya taɓa kwanciya.

An kuma gwada ko magance matsin na rage haɗarin. A Uppsala ta ƙasar Suwidin an raba majinyata 362 gida biyu, aka ba kashi ɗaya horo na zama cikin rukuni kan sarrafa damuwa da fushi da gaggawa har tsawon shekara guda, ƙari kan magungunansu. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna raguwar sake kamuwa da kashi 41 cikin 100 a cikinsu. A Jami'ar Duke ta Amurka, wani gwaji na 2016 kan majinyata 151 ya samu cewa kashi 18 cikin 100 ne suka sake samun matsala cikin waɗanda aka haɗa musu atisayen farfaɗo da zuciya da horon sarrafa damuwa, a kan kashi 33 na waɗanda suka yi atisayen kaɗai. Gwaje-gwajen ba su da girma, amma sun fuskanci alƙibla ɗaya.

Babban tarkon da ke nan shi ne, mai ciwon zuciya ya danganta kowace kasala da aiki. Kasala na iya zama alamar zuciyar ce ke gazawa, musamman idan ta zo da haki bayan ɗan tafiya, kumburin ƙafafu, ko kasa kwanciya sai an tara matasan kai. Tana iya fitowa daga wasu magungunan rage saurin bugawar zuciya, ko daga ƙarancin jini, ko daga ɗaukewar numfashi cikin barci ga masu yawan minshari. Tana iya zama ciwon damuwa mai tsanani, wanda ke kama kusan mutum ɗaya cikin biyar bayan bugun zuciya, kuma shi cuta ne mai magani. Bambancin da ake yawan dubawa shi ne, mai galabaitar aiki kan ɗan dawo hayyacinsa idan ya yi nisa da wurin aikin, mai ciwon damuwa kuwa ko biki ya je da nauyinsa yake tafiya. Rarrabe waɗannan aikin likita ne. Nauyi ko matsi a ƙirji da ke sauka hannu ko muƙamuƙi, tare da gumi, ba a jiran gari ya waye a kansa.

A Najeriya da maƙwabtanta fuskar ciwon zuciya ta ɗan bambanta da ta Turai. Wani bincike kan majinyata 1,006 da aka kwantar saboda gazawar zuciya a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya, wanda aka buga a 2012, ya samu cewa hawan jini ne sanadin kusan kashi 45 cikin 100, kuma matsakaicin shekarun majinyatan 52 ne. Ma'ana, masu ciwon mutane ne da ke tsakiyar ɗaukar nauyin gida. Dokar Ƙwadago ta tanadi hutun rashin lafiya da albashi na kwanakin aiki 12 a shekara bisa shaidar likita, da hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki shida, ko da yake ma'anar ma'aikaci a dokar ba ta haɗa da jami'an gudanarwa da ƙwararru ba, waɗanda takardar ɗaukar aikinsu ce ke fayyace nasu. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke aiwatarwa, ta ambaci matsin ƙwaƙwalwa da ya samo asali daga aiki a sashe na 8, abin da ma'aikata da yawa ba su sani ba. Sai dai direban haya, ɗan dako da mai sayar da abinci a bakin titi ba su da ofishin da za su kai takardar likita. Gare su abin da ya rage shi ne tsarin da iyali za su yi: a samu mai karɓar wani ɓangare na aikin, a bar tafiyar dare, a tsayar da rana guda ta hutu.

Shugaban da ya haɗa cututtukan biyu

Tarihi ya adana mutum guda da ya ɗauki ciwon zuciya da cutar hanjin da za a yi bayani a kai, yana kuma riƙe da aiki mafi nauyi a ƙasarsa. Shugaban Amurka Dwight Eisenhower ya gamu da bugun zuciya ranar 24 ga Satumban 1955 a Denver, yana da shekara 64. A zamanin, al'adar likitoci ita ce a kwantar da irin wannan majinyaci a yi masa ritaya. Ƙwararren likitan zuciya Paul Dudley White ya ba da shawarar ya tashi ya motsa ya koma aiki sannu a hankali. Wata tara bayan haka, ranar 9 ga Yunin 1956, aka yi masa tiyatar gaggawa a asibitin soja na Walter Reed saboda cutar Crohn ta toshe ƙarshen ƙaramin hanjinsa. Ya ci zaɓe a watan Nuwamban shekarar, ya kammala wa'adinsa na biyu, ya rasu a 1969 yana da shekara 78. Ya daina shan taba tun 1949, bayan shekaru yana zuƙar kwali huɗu a rana.

Cutar Crohn da dalilin dawowarta

Sunan cutar ya samo asali ne daga Burrill Crohn, wanda shi da Leon Ginzburg da Gordon Oppenheimer na asibitin Mount Sinai a New York suka bayyana ta a 1932 kan majinyata 14, ko da yake wani likitan Glasgow, Kennedy Dalziel, ya riga su siffanta ta a 1913. Garkuwar jiki ce ke rikicewa ta dinga yaƙar bangon hanji, tana haifar da gyambo, tsukewa, ƙurji, da yoyo tsakanin hanji da hanji ko hanji da fata. Tana iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura, amma ta fi son ƙarshen ƙaramin hanji inda yake haɗuwa da babba, a ƙasan ciki ta dama. Takan fara ne a ƙuruciya, da zawo mai daɗewa, murɗar ciki, rama da kasala. A alƙaluman da aka tattara kafin yaɗuwar sababbin magunguna, kusan rabin masu ita na buƙatar tiyata cikin shekara goma da gano ta.

Tiyatar na cire ɓangaren da ya lalace, ba ta cire cutar. A nan ta bambanta da 'yar'uwarta, gyambon babban hanji, wadda ke tsayawa a babban hanji kaɗai, don haka cire shi gaba ɗaya na raba mutum da ita, duk da cewa jakar da ake ƙerawa daga ƙaramin hanji don maye gurbin dubura ita ma kan kumbura ga kusan rabin waɗanda aka yi wa.

Paul Rutgeerts na Jami'ar Leuven a Beljiyam ne ya nuna yadda cutar Crohn ke saurin komawa. A 1990 ya buga sakamakon bin majinyata 89 da aka yanke musu ƙarshen ƙaramin hanji, yana leƙa hanjin da na'ura mai kyamara da ake zurawa ta dubura. Cikin shekara guda, kashi 73 cikin 100 sun riga sun sami sababbin gyambuna a saman wurin ɗinkin, amma kashi 20 ne kawai ke jin wani ciwo. Bayan shekara uku masu gyambon sun kai kashi 85, masu jin ciwo 34. Daga nan ya fito da ma'auni mai hawa biyar da ake amfani da shi har yau, daga hanjin da ba shi da tabo ko ɗaya, zuwa mai 'yan ƙuraje biyar ko ƙasa da haka, har zuwa mai manyan gyambuna da tsukewa. Waɗanda hanjinsu ke hawa biyu na ƙasa kan daɗe lafiya. Na hawa biyu na sama kuwa mafi yawansu ciwon na bayyana musu cikin 'yan shekaru.

Ƙungiyar ta Leuven ta kuma gano abin da ke kunna wutar. Muddin aka karkatar da abin da ke bin hanji ya fita ta wata ƙofa a fatar ciki, wurin ɗinkin na zama lafiya. Da aka zuba abin cikin hanjin a sashen da aka keɓe, kumburi ya bayyana cikin kwana takwas. Ke nan karon da ake yi tsakanin garkuwar jiki da ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanji shi ne tushen lamarin. Wannan ne ya sa yanke hanji da yawa ba ya hana dawowa. Wani gwaji a asibitin Cleveland na Amurka a 1996 ya kwatanta barin tazarar santimita 2 da ta santimita 12 daga wurin ciwon, bai ga bambanci ba. Likitocin tiyata yanzu na tattalin hanji, domin wanda aka yi ta yanke masa har abin da ya rage ya gaza mita biyu na iya kasa tsotse abinci. Akwai ma dabarar buɗe wurin da ya tsuke ba tare da yankewa ba, wadda likitocin Indiya suka fara kan hanjin da tarin fuka ya tsuke, daga baya aka ɗauke ta zuwa cutar Crohn a Ingila.

Cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin dawowa, wanda ke hannun majinyaci shi ne taba: tana ninka haɗarin kusan sau biyu, na sake shiga ɗakin tiyata kuma fiye da haka. Sauran su ne a ce an taɓa yi masa tiyatar a baya, ko cutarsa mai huda bangon hanji ce, ko tana da yoyo a dubura, ko an cire masa hanji mai tsawo.

Darasin da aka ɗauka daga Leuven shi ne kada a jira ciwo. Gwajin POCER da aka yi a Ostireliya da New Zealand kan majinyata 174, wanda Lancet ta buga a 2015, ya kwatanta waɗanda aka leƙa hanjinsu wata shida bayan tiyata aka ƙara musu magani idan an ga gyambo, da waɗanda aka bari kan maganinsu kawai. Bayan wata 18, cutar ta dawo a hanjin kashi 49 cikin 100 na rukunin farko, da kashi 67 na rukuni na biyu. A gwajin PREVENT na 2016 kan majinyata 297, allurar infiliksimab ta rage dawowar gyambo daga kashi 51 zuwa 22, ko da yake bambancin da aka gani ta fuskar jin ciwo bai kai yadda za a kafa hujja da shi ba. Shawarar ƙungiyoyin likitocin hanji a yau ita ce a leƙa hanjin tsakanin wata shida zuwa shekara guda bayan tiyata, ko majinyaci na jin garau. Wasu likitocin na ba da metronidazol na wata uku bayan aikin, kuma akwai gwajin bayan gida da ke auna sinadarin kalfurotektin, wanda ke nuna ko akwai kumburi ba tare da an zura na'ura ba.

Ba kowane zawo bayan tiyata ne dawowar cuta ba. Ƙarshen ƙaramin hanji ne ke mayar da ruwan matsarmama cikin jiki, shi ne kuma ke tsotse bitamin B12. Idan aka cire shi, ruwan matsarmamar na zubowa babban hanji ya jawo zawo mai ruwa da ke da nasa maganin daban, rashin B12 kuma ya kawo ƙarancin jini da kasalar da za a iya ɗauka gajiyar aiki ce.

Matsayin damuwa a nan bai kai ƙarfin da yake da shi a ciwon zuciya ba. Ba ita ke haddasa cutar Crohn ba, kuma tsohon zaton cewa cutar ta masu raunin zuciya ce an yi watsi da shi. Amma wani nazari a Manitoba ta Kanada a 2010 ya samu cewa masu cutar kumburin hanji da ke cikin matsi mai yawa sun fi fuskantar tashin alamomi, sannan a 2023 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania suka nuna a jikin ɓeraye yadda sinadaran damuwa ke bi ta jijiyoyin bangon hanji su rura kumburi. Rage matsin aiki na taimaka wa mai wannan cuta, amma ba ya maye gurbin leƙen hanji na wata shida.

Abin da ya shafi majinyaci a nan gida

Akwai abu guda da ke cutar da ɓangarorin biyu, kuma yana kan kantar kowane kemis. Ma'aikacin da ya dawo gida jiki na ciwo yakan nemi ibufurofen ko diklofenak, ko haɗin ƙwayoyin gajiya da ake ƙullawa a leda ba suna. Wannan rukunin magunguna na ɗaga hawan jini, yana tara ruwa a jikin mai gazawar zuciya, yana ƙara haɗarin bugun zuciya, yana kuma iya tayar da kumburin hanji. Farasitamol ya fi aminci ga duka biyun idan ba a wuce ƙima ba. Ƙaramin asfirin da likitan zuciya ya rubuta kuwa ba a dakatar da shi sai da izininsa.

Cutar Crohn ba ta da yawa a Afirka ta Yamma kamar a Turai da Amurka ta Arewa, kuma tana da sojan gona biyu a nan. Taifod na huda ƙarshen ƙaramin hanji, kuma ita ce sanadin tiyatar gaggawa da yawa a asibitocinmu, amma ba ta komawa wurin ɗinki yadda Crohn ke yi. Tarin fuka na hanji shi ne mafi rikitarwa, domin yana kama wuri ɗaya, da alamomi iri ɗaya, har a ƙarƙashin madubin likita sukan yi kama. Kuskure a nan na da tsada: magungunan Crohn na danne garkuwar jiki, idan aka ba mai tarin fuka sai cutar ta bazu. Shi ya sa ake gwajin tarin fuka da na ciwon hanta nau'in B kafin a fara allurai irin su infiliksimab. Don haka duk wanda aka yanke wa hanji ya tambaya ko an aika abin da aka cire ɗakin gwaji, ya karɓi sakamakon a rubuce tare da bayanin tiyatar da ke nuna wane sashe aka cire da tsawonsa, ya adana su. Likitan da zai gan shi bayan shekara biyar, wataƙila a wani gari, da waɗannan takardu zai fara.